Watanni Goma Sha Takwas Tsakanin Fata da Fargaba: Nazarin Farkon Kamfanin Airbnb

A watan Oktoba na 2007, wasu samari biyu 'yan shekara 26 da suka yi karatun zanen kayayyaki a makaranta ɗaya a jihar Rhode Island ta Amurka, wato Brian Chesky da Joe Gebbia, sun wayi gari a birnin San Faransisko ba su da kuɗin hayar gidan da suke ciki. Chesky ya ajiye aikinsa a Los Anjalas ya taho da kimanin dala 1,000 a asusunsa, alhali kason hayar da ya faɗo masa ya fi haka. A daidai lokacin ana shirin wani babban taron masu zane a birnin kuma otal-otal sun cika maƙil, sai suka hura katifun iska guda uku suka shimfiɗa a gidan, suka buɗe ɗan shafin intanet, suka sauki baƙi uku a kan dala 80 kowane dare har da karin kumallo. Da kuɗin nan suka biya haya, kuma daga nan kamfanin Airbnb, wanda ke haɗa matafiya da masu ba da masauki a gidajensu ta intanet, ya samo asali.

An saba ba da wannan labari a matsayin labarin nasara, ana tsallake tsakiyarsa da sauri domin a isa wurin da dukiya ta samu. Abin da wannan nazari ya sa a gaba shi ne tsakiyar: watanni goma sha takwas daga Oktoba 2007 zuwa Afrilu 2009, lokacin da zukatan waɗanda suka kafa kamfanin ke hawa da sauka kusan kullum, da kuma abin da ya riƙe su har suka fita. An zaɓi wannan lamari ne saboda masu shi sun yi magana a kansa a fili sau da yawa, har Chesky ya wallafa wasiƙun da masu zuba jari suka ƙi su da su, don haka ba sai an yi ƙiyasin halin da suka shiga ba.

Yadda murna ta riƙa komawa ciki

Bayan baƙin farko sun tafi, samarin ba su ɗauki katifun iska a matsayin sana'a ba. Sun shafe watanni suna tunanin wani shafi na haɗa masu neman abokin zaman haya, sai suka gano cewa wasu sun riga su. Da Chesky ya je gida hutun ƙarshen shekara ya ce wa iyalinsa shi ɗan kasuwa ne mai kafa kamfani, mahaifiyarsa ta nuna masa cewa a ganinta ba shi da aikin yi ne kawai. Iyayensa duka biyu ma'aikatan jin daɗin jama'a ne, kuma burinsu bai wuce ɗansu ya sami aiki mai inshorar lafiya ba. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma duk wanda ya taɓa barin albashi ya kama abin da ba shi da suna ya san nauyinsa, domin kafin kasuwa ta yanke wa mutum hukunci, gida ya riga ya yanke.

A watan Fabrairu na 2008 Nathan Blecharczyk, wanda ya karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Harvard kuma ya taɓa zama gida ɗaya da Gebbia, ya shigo a matsayin na uku. Sun sake gina shafin domin babban taron fasaha da waƙe-waƙe da ake yi a birnin Austin na jihar Teksas a watan Maris, suna sa ran za a yi rububi. Mutum biyu kacal suka kama masauki, kuma ɗaya daga cikinsu Chesky ne da kansa. Gwiwar Blecharczyk ta yi sanyi, ya koma Boston wurin wadda zai aura, yana taimakawa daga nesa, sauran biyun kuma suka ci gaba da zama cikin zullumin ko injiniyansu ɗaya tilo zai bar su.

A watan Yuni, Michael Seibel, wanda a lokacin yake shugabantar kamfanin Justin.tv kuma ya zame musu mai ba da shawara, ya gabatar da su ga masu zuba jari bakwai. Suna neman dala 150,000 a kan kashi 10 cikin 100 na kamfanin. Biyar suka ƙi, biyu ko amsa ba su bayar ba. Sun kuma ba da labarin wani mai jari da suka haɗu da shi a wani shagon shan shayi a Palo Alto, wanda ya miƙe ana tsakiyar bayani ya fice ya bar abin shansa ko rabi bai sha ba. Sun zauna suna jiransa a zaton ya je gyara ajiyar motarsa ne, bai dawo ba. A shekarar 2015 Chesky ya fitar da wasiƙun ƙin nan biyar bayan ya ɓoye sunayen masu su, kuma abin da ke jan hankali a cikinsu shi ne ladabinsu: babu zagi, babu gori, kowa ya ba da uzurinsa cikin lumana ya rufe ƙofa. Irin wannan ƙi ya fi wuyar haɗiyewa, domin bai bar wa mutum wanda zai yi fushi da shi ba sai kansa.

Sai ga watan Agusta ya zo da abin da ya yi kama da buɗi. Jam'iyyar Dimokurat za ta yi babban taronta a birnin Denba, Barack Obama zai yi jawabi a filin wasa mai ɗaukar mutum kusan 80,000, ɗakunan otal na birnin kuwa ba su kai rabin haka ba. Suka ƙaddamar da shafin a karo na uku, jaridar fasaha ta TechCrunch ta yi rubutu a kansu, manyan kafofin labarai suka ɗauka, mutane kusan 80 suka kama masauki. Da aka tashi daga taron, shafin ya koma shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 15 ga Satumba, bankin Lehman Brothers ya durƙushe, tattalin arzikin Amurka ya shiga ruɗani, masu jari suka ɗaure bakin jaka.

Idan aka jera waɗannan abubuwa za a ga sun bi tsari ɗaya. Kowace murna ta zo ne daga waje, daga taro ko jarida ko alƙawarin ganawa da mai kuɗi, kuma kowace ta tafi da tafiyar abin da ya kawo ta. Paul Graham, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cibiyar renon sababbin kamfanoni ta Y Combinator, ya yi suna da wani zane da ke nuna wannan tafiya: layi ya yi tsalle sama ranar da jaridu suka yi magana, ya faɗo da zarar ɗokin sabon abu ya wuce, sannan ya daɗe kwance a wani kwari da suka yi wa laƙabi da kwarin baƙin ciki, yana ɗan motsi jefi-jefi da fatan da ba ya zama gaskiya. Airbnb ta shafe kusan duk 2008 a cikin wannan kwari.

Chesky ya bayyana yadda kwanakin suka kasance a jikinsa. Ya ce kullum da safe yakan farka gabansa na dukan uku-uku, sai ya yi ta lallashin kansa cikin yini har ya yarda cewa komai zai daidaita, ya kwanta da dare cike da ƙarfin gwiwa, da safe kuma fargabar ta sake tashe shi kamar jiya ba a yi ba. Ya rame ƙwarai a wannan shekara. Shi da Gebbia suna rayuwa ne a kan katunan bashi na banki, suna cinye wannan su karɓi wancan, har katunan suka yi yawan da sai da suka jera su a cikin irin kundin leda da yaran Amurka ke adana hotunan 'yan wasa, bashin kuma ya kai dubban daloli a kan kowannensu. A ganina wannan bayani nasa ya fi duk sauran labarin amfani ga mai nazari, saboda ya nuna cewa lallashin kai yana aiki, amma na yini ɗaya ne. Imanin da mutum ya gina da bakinsa ba ya kwana, tunda babu wani abu a zahiri da ya sauya tsakanin dare da safiya.

Ba Chesky kaɗai ke da wannan hali ba. Wani bincike da likitan ƙwaƙwalwa Michael Freeman na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya jagoranta a 2015, wanda ya ƙunshi masu kafa kamfanoni 242, ya sami cewa kashi 49 cikin 100 nasu sun ce sun taɓa fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, yayin da a rukunin da aka kwatanta su da shi adadin ya tsaya a kashi 32. Binciken ƙarami ne kuma ya dogara da abin da mutane suka faɗa da bakinsu, don haka bai isa a gina babban hukunci a kansa ba, amma ya isa ya nuna cewa bugun zuciyar asuba ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a.

Kwalayen karin kumallo

Da ruwa ya ƙare wa ɗan kada a kakar 2008, Chesky da Gebbia suka koma ga abin da suka iya da hannunsu, wato zane. Suka zana kwalayen abincin karin kumallo, irin wanda ake zuba wa madara, iri biyu da sunayen 'yan takarar shugaban ƙasa: Obama O's da Cap'n McCain's. Suka sayo mafi arahar irin abincin a kanti, suka zauna a ɗakin girkinsu suna naɗe kwalaye ɗaya bayan ɗaya suna liƙewa da gam mai zafi har yana ƙona musu yatsu, suka sa wa kowane kwali lamba, suka aika wa 'yan jarida, suka sa farashin dala 40. Na Obama ya ƙare, na McCain ya yi kwantai. Sun sami kimanin dala 30,000, wanda ya rage musu bashi, ragowar kwalayen McCain kuma su suka zama abincinsu na makonni.

Ta fuskar kasuwanci wannan kauce hanya ne, kuma Blecharczyk bai ga hikimarsa ba a lokacin. Kamfanin masauki ya sami kuɗi a sayar da hatsi fiye da abin da ya taɓa samu a masauki, wanda hakan shi kansa abin kunya ne idan aka duba da kyau. Ta fuskar zuciya kuwa ya yi wani aiki da ba a cika ambata ba. Bayan watanni suna jiran amsar wasu, sun sami aikin da farkonsa da ƙarshensa ke hannunsu, aikin da za a ƙirga da yamma a ce yau an naɗe kwali kaza. Mutumin da damuwa ta yi wa yawa yakan sami sauƙi idan hannunsa ya kama wani abu mai iyaka, ko da abin bai taɓa asalin matsalar ba.

A watan Nuwamba Seibel ya matsa musu su nemi shiga Y Combinator duk da cewa wa'adin nema ya wuce. A ganawar da aka yi, Graham bai gamsu da ra'ayin ba, har ya tambaya cikin mamaki ko da gaske akwai masu kwana a gidan baƙo a kan katifar iska, kuma me ke damunsu. Suna shirin fita sai Gebbia ya zaro kwalin Obama O's daga jakarsa ya ba da labarinsa. Graham ya kwatanta su da kyankyasai. A kunnen Bahaushe wannan zagi ne, amma abin da yake nufi shi ne halittar da ba ta mutuwa da sauƙi, kuma a shekarar da kamfanoni ke rushewa shi ne abin da yake nema. Aka ɗauke su a zangon reno na watanni uku da ya fara a Janairu 2009, aka ba su dala 20,000 a kan kashi 6 cikin 100.

Abin da ya sauya a watanni ukun nan shi ne zuciyar wannan nazari, kuma kuɗin ba su ne babba a ciki ba, domin dala 20,000 ba ta kai ko kashi ɗaya cikin bakwai na abin da suka nema a baya ba. Blecharczyk ya dawo San Faransisko, su ukun suka koma kwana a gida ɗaya suna aiki daga safe zuwa tsakar dare. Suka yi yarjejeniya cewa za su ba abin dukan ƙarfinsu na tsawon zangon, idan bai tashi ba kowa ya kama gabansa. Sannan Graham ya ba su buri guda: kamfanin ya riƙa samun abin da zai biya haya ya ciyar da su ko da taliyar leda ce, wanda suka lissafa a kan dala 1,000 a mako. Suka zana layin kuɗin shiga na mako-mako suka liƙa a madubin banɗaki, inda ido zai faɗa kansa da safe da kuma kafin barci.

Kafin wannan lokaci tambayar da ke tashin Chesky da asuba ba ta da amsa: shin wannan abu zai yi nasara, ko na lalata rayuwata? Babu aikin da mutum zai yi ranar Talata da zai amsa ta. Yanzu tambayar ta ƙanƙance ta koma ko layin madubi ya ɗaga a wannan mako, kuma tana da ranar ƙarewa. Wa'adin da suka sa wa kansu, wanda a ido yake kama da shirin saduda, shi ne ya ba su damar yin aiki da natsuwa, saboda wahalar da aka san iyakarta ta fi sauƙin ɗauka a kan wadda ba a san ranar ƙarewarta ba.

A lokacin kuɗin shigarsu ya tsaya cik a kan kimanin dala 200 a mako. Graham ya tambaye su inda masu amfani da shafin suka fi yawa, suka ce Niyok, sai ya tambaye su abin da suke yi a Kalifoniya. Chesky da Gebbia suka fara zirga-zirga zuwa Niyok, suna ƙwanƙwasa ƙofofin masu ba da masauki cikin sanyin hunturu. Sun lura cewa hotunan ɗakunan da ke shafin ba su da kyau, an ɗauke su da waya cikin duhu, sai suka yi hayar kyamara suka riƙa ɗaukar hotunan da kansu, suna zama a falon mutane suna sauraron ƙorafinsu a kan farashi da biyan kuɗi. Cikin ɗan lokaci kuɗin mako ya ninka zuwa kimanin dala 400, ya ci gaba da hawa. Adadin ƙarami ne, amma shi ne hawa na farko da ba taro ko jarida suka kawo ba, kuma sun san ainihin abin da suka yi ya jawo shi. Akwai kuma wani amfani na biyu: wanda ya shafe shekara yana jin "a'a" daga masu jari ya sami kansa a gaban mutanen da ke son abin da ya gina. A watan Maris suka taƙaita sunan daga AirBed & Breakfast zuwa Airbnb, a watan Afrilu kuma kamfanin jari na Sequoia ya jagoranci zuba musu kusan dala 600,000.

Wajibi ne a yi hattara da irin darasin da ake cirowa daga nan. Labarin kyankyaso ya sa mutane da yawa sun ɗauka cewa juriya kaɗai ce sirrin, alhali kamfanoni masu yawa sun jure haka ko fiye suka mutu, masu su suka fita da bashi da rashin lafiya, kuma ba a gayyatarsu su yi jawabi. Samarin nan ba su da 'ya'ya a lokacin, suna da takardun manyan makarantu da za su iya komawa neman aiki da su, kuma suna zaune a garin da masu jari suke. Tara bashi a katunan banki da ramewa saboda yunwa ba dabara ba ce da za a ba wani shawarar ya kwaikwaya. Abin da za a iya ɗauka daga lamarin ya fi haka ƙanƙanta: ma'auni ɗaya, wa'adi, abokan tafiya a kusa, da babba guda da zai faɗa wa mutum gaskiya.

Bayan an fita daga kwarin

Hawa da saukar ba su tsaya da zuwan kuɗi ba. A watan Yuli na 2011 kamfanin ya tara dala miliyan 112, darajarsa ta haura dala biliyan 1, kuma a cikin kwanakin nan ne labarin wata mata da baƙon da ta samu ta shafin ya yi wa gidanta kaca-kaca ya bazu a duniya. Martanin farko na kamfanin ya ƙara dagula al'amarin, masu ba da shawara suka rabu gida-gida a kan abin da ya kamata a yi, har sai da Chesky ya fito a farkon Agusta ya nemi gafara a fili, ya kuma sanar da alƙawarin biyan diyyar ɓarna har dala 50,000 ga masu gidaje, wanda aka ɗaga zuwa dala miliyan 1 a shekara mai bi.

A 2020 abin ya maimaita kansa da girman da ba a taɓa gani ba. Annobar korona ta cinye kusan kashi 80 cikin 100 na kasuwancinsu cikin makonni takwas, suka ciwo bashin dala biliyan 2, kuma ranar 5 ga Mayu Chesky ya sallami ma'aikata kusan 1,900 daga cikin 7,500. Watanni bakwai bayan haka, ranar 10 ga Disamba, aka fara sayar da hannun jarin kamfanin a kasuwar Nasdaq. An sa farashin dala 68, ya buɗe a kan dala 146, kuma da wata 'yar jarida ta shaida wa Chesky inda farashin ya dosa ana tsakiyar hira kai tsaye a talabijin, sai ya kasa haɗa jimla.

A hirarrakin da ya yi daga baya Chesky ya ce lokacin da ya biyo bayan wannan rana yana cikin mafi kaɗaici a rayuwarsa. Gidan da mutum uku ke kwana suna kallon takarda ɗaya a madubi ya zama tarihi, abokan kafawar sun yi iyali, waɗanda ke kewaye da shi kuma ma'aikatansa ne da ba zai iya buɗe musu cikinsa ba. Ya ce Obama, wanda suka taɓa sayar da hatsi da sunansa kuma daga baya ya zame masa mai ba da shawara, shi ne ya ja hankalinsa ga riƙe tsofaffin abokai, sai ya koma neman waɗanda suka yi makaranta tare yana ware musu lokaci. A watan Yuli na 2022 Gebbia ya sanar da cewa ya janye daga aikin yau da kullum na kamfanin, Chesky kuma ya ci gaba da shugabancinsa.